Abin Da Ban Fassara Ba

Ni ne tafinta a ɗakin shan magani na bakin gulbi,
gabas da Rabah, inda mota kan sauke mutum
ya ƙarasa da ƙafa idan Rima ta yi fushi.
Aikina ɗaukar magana daga wannan baki zuwa wancan,
kamar mai ɗibar ruwa da kwando:
abin da ya isa, ya isa.

Da damina ta zo, daga Indonesiya.
Ratna sunanta. Tsofaffi suka ce Rakiya, ta amsa.
Ba ta gama zama likita ba, da bakinta ta faɗa,
saura shekara guda.
Sati shida za ta yi mana, ba a biyanta ko kwabo.

Ranar farko ta tambaye ni kalmar ciwo.
Na ce wacce?
Akwai zogi, akwai raɗaɗi, akwai suka,
akwai murɗa mai naɗe mutum kamar tabarma,
akwai wanda manomin albasa zai ce “da sauƙi”
alhali kwana uku bai runtsa ba.
Ta rubuta duka a bangon littafinta,
ta ja layi biyu a ƙarƙashin “da sauƙi”.

Daren wata Talata Ige ta kawo autanta,
jiki garwashi, tafin hannu fari fat.
Hasken da muka tara a batir ya ƙare tun isha'i,
na riƙe tocila da haƙori.
Sau huɗu ta nemi jijiya, sau huɗu jijiya ta ɓuya.
Inno Tumba, mai shara da wankin zannuwa,
shekara ashirin a ɗakin nan ba takarda,
ta kama yatsanta ta ɗora a idon sawun yaron:
“Nan. Kak ki duba, taɓa.”
Wannan bai nemi tafinta ba.
Allura ta shiga.

Amma sa'i ya riga ruwan isa.

Ratna ta ce, murya na tsinkewa,
“Gaya mata, da ta kawo shi tun shekaranjiya...”
Na dubi ƙafafun uwar, laka har gwiwa,
na ce, “Likita ta ce Allah ya ba ki haƙuri.”
Ige ta ce, “Hwaɗa mata na ga hannunta na rawa.
Ga ɗana taka koyon aiki?”
Na juya na ce, “Ta ce ta gode.”

Ƙarya biyu kafin kiran assalatu.
Har yau ban san wadda zan fara tuba a kanta ba.

Na zaci za ta haɗa kaya. Ba ta haɗa ba.
Ta koyi sannu, ta koyi yin shiru bayan sannu,
ta koyi tambayar nisan hanya kafin tambayar kwanan ciwo.
Yara goma sha ɗaya na ƙirga
da suka shigo a kafaɗa, suka fita suna neman fura.

Ana saura kwana uku ta tafi, sai ga Ige
riƙe da hannun babbar 'yarta mai tari.
Na nuna mata layin malamin asibiti.
Ta ce, “A'a. Waccan nika so, mai rawar hannu.
Ita ta yi kuka tare da ni.”
Wannan na fassara shi kalma kalma,
ban zubar da ko ɗigo ba.

Ta bar wa Inno abin sauraron ƙirji,
yana rataye a ƙusa kusa da tsintsiya.
Ruwa ya janye, an dasa albasa.
Ba a aiko mana da wani ba tukuna.

Modi kuwa, ɗan yayata,
da muka sayar da bijimai biyu ya karanci likita,
yana can wata ƙasa mai sanyi, yana duba tsofaffinsu.
Jiya ya turo hoto cikin farar riga.
Na daɗe ina kallon bayansa a hoton,
ko zan hango wanda ke tsaye yana yi masa tafinta,
in tambaye shi abin da yake haɗiyewa.